Dalilin da ya sa muka buɗe ɗakinka

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, aiki kuma yana tafiya yadda ake so. Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau. Inna ta ji sauƙin gwiwarta, har tana fita tsakar gida ba sanda. 'Yarka ta wajena kuma ta fara rarrafe, duk abin da hannunta ya kai, baki za shi.

Yaya, na rubuto ne don ka ji daga bakina cewa mun buɗe ɗakinka. Tun farkon damina kiyashi suka mamaye mana gida. Da fari a kicin ne, gwangwanin sukari da na madara, sai mai ɗakina ta koma ɗora su a faranti mai ruwa. Daga nan suka shiga kabad ɗin kaya, har cikin aljihun rigata. Mun barbaɗa toka, mun goge ƙasa da kananzir har abinci ya ɗauki wari. Na sayo garin magani, amma mai ɗakina ta ce ba za a zuba guba inda yarinya ke rarrafe ba, kuma da gaskiyarta. Haka muka zauna, mu share da safe, kafin azahar sun sake jera layi kamar masu jiran mota.

Sai cinnaku suka biyo baya. Wata rana an kwantar da 'yarka a tabarma tana barcin rana, muka ji ta callara ƙara. Da uwarta ta tuɓe ta, cinnaku ne a wuya da hammata, har bayan kunne. Jikinta ya yi rudu-rudu, ido ɗaya ya kumbura, sai da muka kai ta asibiti. Da muka dawo na tsuguna na bi layinsu ta gindin bango, ta bayan randa, har ƙarƙashin ƙofarka. Ta nan suke fitowa.

Ka san tun ranar da ka tafi makullin yana ƙulle a haɓar zanen Inna. Na yi mata magana, ta ce ɗakin da mai shi ya rufe, mai shi zai buɗe. Na ce to in kira ka a waya, ta ce kada in ɗaga maka hankali a kan ƙwaro. Ban ja da ita ba. Washegari tana shafa wa yarinyar magani, ta daɗe tana kallon idon nan. Ta miƙa ta ga uwarta, ta tashi ta kwance makullin, ta buɗe ƙofar da hannunta.

Ashe rufin yana yoyo ta kusurwar taga. Daɓen ya tsage, cinnakun sun tara ƙasa a ƙarƙashin gado, tulin ya kusa taɓa katako. Katifarka ba ta moruwa, mun ƙone ta a bayan gida. Rediyonka ma da na girgiza, fararen ƙwai ne suka zubo. Akwatin kayanka dai lafiya yake, an wanke komai an shanya. Na kai su mai ɗakina gidan iyayenta, muka kwarara tafasasshen ruwa a ramin, muka bi da magani. Magini ya fasa wurin ya sake siminti, kafinta ya canja kwano. Yanzu sai ɗai-ɗai muke gani a kicin, kumburin yarinya kuma ya sace.

Inna ta hana a mayar da kwaɗon. Kullum ita take share ɗakin, ta buɗe taga, da la'asar ta shimfiɗa tabarmarta a ciki ta zauna. Da ta ga ina rubutu ta ce lallai in gaya maka, ba don ta fid da rai da dawowarka ta buɗe ba.

Ka gaishe da Anti da su Auta, da Kawu idan kun haɗu. Inna da Gwaggo suna sa maka albarka, mai ɗakina tana gaisuwa. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka,
Ƙanenka