Layin Wayar Yaya Shamsuddeen

Keffi, Litinin

Yaya Shamsuddeen,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya mutanen Lafiya? Tunda ka daina ɗaga wayata, ga takarda ta hannun direban tasha.

Jiya na je shagon kwamfuta duba fom ɗina na shiga jami'a. Ni kimiyyar sinadarai na cike, sai na tarar an mayar da shi karatun malanta. Mai shagon ya ce ba a canza kwas sai da lambar sirri da ake turowa layin da aka yi rajista da shi. Layinka ne, Yaya. Na ba da lambarka don lokacin ba ni da waya, ashe abin da za ka yi mini ke nan.

Ka sani sarai ɗakin gwaji na hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta tarayya nake son shiga. Juma'a za a rufe canji. Wallahi raina a ɓace yake. Ka turo mini lambar.

Ƙanwarka,
Munira

Lafiya, Talata

Munira,

Wa alaikumus salam. Ki gaishe da Ummi.

E, ni na canza, kuma ba zan turo ba. Ke har kin yi girman da za ki rubuto mini da wannan bakin? Masu sayar da abin nan da ya kashe ƙanena Sadiƙ suna bayan layinmu, sun san ƙofar gidanmu. Ranar da kika sa kaki, wa zai tsare Ummi? Ɗa ɗaya ta binne, ya isa. Ba ki san mutanen nan ba, ki yi malantarki ki zauna lafiya.

Yayanki,
Shamsuddeen

Keffi, Laraba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ummi tana amsawa.

Ni ce ban san su ba? Kana Lafiya lokacin, ni ina gida. Shekarata goma sha biyu Yaya Sadiƙ ya fara aikena shagon nan mai koriyar ƙofa, ya ce maganin tari ne. A ƙarƙashin hijabina nake kawo masa kwalbar, har ina murna don yana saya mini alawa. Kusan shekara biyu ina wannan zirga-zirgar. Ranar da aka fita da gawarsa mai shagon yana cikin sahun gaba.

Ban taɓa gaya wa kowa ba. Yau da safe na ga wata yarinya ta fito daga shagon, hannunta cikin hijabi. Ka ce in riƙe alli in yi shiru? Idan ka hana ni bana, baɗi zan sake cikewa da layina, amma ba zan manta ba.

Allah ya huci zuciyarka, tawa dai ba ta huce ba.

Munira

Lafiya, Alhamis

Munira,

Salam. Ki duba cikin ambulan a hankali, na naɗe layin wayar gaba ɗaya a takarda. Ki je shagon kwamfuta da sassafe.

Har yanzu ban yarda ba, kuma ina jin tsoro. Kada ki gaya wa Ummi ke Sadiƙ yake aika.

Ki bincika mini 'yar gidan wa ce yarinyar nan. Asabar ina tafe.

Yayanki