Bishiyar Babana Ta Juya Mini Baya

Uwargida Tokiko, ki agaje ni. Wani abu ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi, kuma na san ƙayar kifi, don busasshensa nake sayarwa a kasuwa tun gashina yana baƙi. Bakin nan nawa ya sha sayar wa masunci kifi, amma yau ya ƙi buɗuwa.

Ina tara hotunan shahararrun bonsai, ƙananan bishiyoyin nan na cikin kasko, kowane hoto da sa hannun mai rainon bishiyar da jan hatiminsa. Wani da daɗin baki na samo, wani da ƙunshin kifi mai kyau. Matata tana cewa na fi sanin sunayensu da na jikokina, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Saura ɗaya: bishiyar da ake kira Gajimaren Asuba. Jama'a a wajen baje koli suka san ta, ni kuwa a tsakar gidanmu, tun ba ta yi suna ba. Ta babana ce. Kullum da safe yana tsugune gabanta da almakashi, shayinsa na hucewa. Da ya rasu yayana ya sayar, ta bi hannu-hannu har lambun Dattijo Kuwabara a Omiya, garin masu rainon bonsai.

Kin san kowace bishiya fuska ɗaya gare ta, mai ita ke zaɓa, kuma ta nan kaɗai ake ɗaukar hotonta. To, Dattijo ya juya ta. Fuskar da babana ya zaɓa, inda wani reshe ya sunkuyo kamar mai gaisuwa, yanzu bango take kallo. Na ga sabon hoton. Kyakkyawa ce, amma baƙuwa.

Hoton tsohuwar fuskar nake so, da sa hannun Dattijo a kai. Sai dai roƙon haka tamkar ce masa ne bai iya kallo ba. Sau biyu ina zuwa bakin lambun, in koma da tsarabata. Ga shi an ce hannunsa ya fara rawa, ya kusa ajiye alƙalami. In yi masa dabarar kasuwa, ko in haƙura?

Mai Kifi Mara Baki

Mai Kifi,

Bar dabara a rumfa. Wanda ya kwashe shekaru yana karanta reshe ba zai kasa karanta ɗan kasuwa ba.

Ka yi masa adalci tukuna. Bishiya ba ta daina girma don mai ita ya rasu, kuma mai yiwuwa abin da ya gani a cikinta babanka ma da zai gani yau. Hatiminsa shaidarsa ce. Yana da ikon hana shi a kan fuskar da bai zaɓa ba, kuma in ya hana, ba wulaƙanci ba ne.

Amma kai ma kana riƙe da abin da ba shi da shi: ka san ƙuruciyarta. Masu wannan sana'a suna ƙishin irin wannan labari.

Ka je cikin makon nan, da tsarabarka, da matarka don kada ka sake juyawa a bakin ƙofa. Ka faɗa masa ɗan wa kake. Kada ka fara da zancen hoto. Ka roƙi izinin zagayawa bayan kaskon, ka tsuguna inda babanka yake tsugunawa. In hoto ya biyo baya, madalla. In bai biyo ba, reshen nan dai ya gaishe ka.

Allah ya buɗe bakin, ya sa ka tarar da ƙofa a buɗe.

Tokiko