Muryar Malam Bukari

Litinin, 22 ga Afrilu

Yau na fara sitaj, wato koyon aiki na ɗalibai. Wata uku, kuma da biya. Ni Mardiya mai karatun tarihi, wadda duk Damagaram ake tambaya "to, tarihi ci ake yi?", yau ga ni da tebur a buro, ofis sosai. Ƙungiya ce da ta ce ba riba take nema ba. Aikinta naɗar muryar tsofaffin ma'aikata baƙi, a baje labarinsu a wani nuni a Lyon cikin Yuni, daga nan a sa a intanet. Babban buronsu yana can Lyon, nan Paris ɗaki biyu ne kawai.

Shugabata sunanta Inès. Murmushinta ya yi yawa. Mu goma sha biyu muka nema, har da masu masta, amma ni aka ɗauka, kuma tambaya ɗaya ta maimaita mini sau biyu: "Kina jin Hausa sosai?" To, na gane. Ba karatuna suke so ba, bakina suke so, ya buɗe musu ƙofofin da ba a buɗe musu. Ruwa ba ya tsami banza.

Alhamis, 2 ga Mayu

Inès ta kawo mini kafe da hannunta. Me take nema?

Talata, 14 ga Mayu

Montreuil, a gefen Paris, gidan ma'aikata baƙi, hawa na uku. Malam Bukari, shekara saba'in da huɗu, ɗan unguwar Birni ne a Damagaram, ya ma san kakana. Gaisuwa kaɗai ta ci mana minti goma, Inès na zaune tana gyaɗa kai kamar tana ji. Da na kunna na'ura sai ya manta da ita, ya manta da Inès, ya koma hira da ni kamar jikarsa.

Shekara talatin da takwas yana wanke bayan gida a wata tashar jirgin ƙasa. A gida kuwa an san shi ma'aikacin buro ne a kamfanin jirgi. Duk shekara sai ya sa kwat, ya soka biro biyu a aljihu, ya ɗauki hoto ya aika. Da aikin nan ya gina gida, ya kai mahaifiyarsa Makka, ya aurar da 'ya'ya biyar. Yana faɗa yana dariya. "'Yata, ko uwargidana ba ta sani ba."

Da muka gama Inès ta fito da takardar yarda. Na fassara masa da sauri-sauri: nuni, intanet, suna, hoto. Da na ce intanet sai ya ɗauke kai ya kalli bango. Ya daɗe. Sannan ya ce "To," ya sa hannu. Baƙuwa na zaune a ɗakinsa, ga kuma jikar abokinsa, ta ina zai ƙi?

Na gani. Na yi kamar ban gani ba.

Laraba, 15 ga Mayu

Na kwashe hirar zuwa Faransanci. Inès ta karanta har idonta ya kawo ruwa. "C'est le cœur de l'expo, Mardiya." Ta ce shi za a sa a tsakiyar nunin, da sunana a ƙasa. Hawayen nan ban yarda da su ba. Sun samu abin da za su nuna wa masu ba su tallafi ne: tsoho baƙar fata da buroshin wanke masai. Amma maganar sunana a ƙasa ta yi mini daɗi, ba zan yi wa littafina ƙarya ba.

Asabar, 25 ga Mayu

Na biya shagon Inna Fatsima, ƙanwar mamana, a unguwar Château Rouge. Tana auna wa wata mata atamfa, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce Malam Bukari ya zo jiya. Mutumin da ya shekara bai taka unguwar ba, ya hau metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har biyu da sandarsa, wai ya zo gaisuwa. Bai sayi komai ba.

"Ya ce a gaishe ki. Ya ce a tambaye ki ko kin san autarsa Amatullahi, mijinta malamin jami'a ne a Damagaram, kullum yana cikin intanet. Shi ke nan abin da ya ce."

Na ce, "To, Inna."

Ta naɗe atamfar ta dube ni. "Ni ban san me ya haɗa ku ba. Amma dattijo ba ya aiko saƙo irin wannan don nishaɗi."

Ba sai an yi mini tafsiri ba. Ba zai taɓa kirana ya ce cire ba. Ya bi ta hannun manya, yadda ake yi. Asirinsa na shekara talatin da takwas yana cikin ordinatar, kwamfutar mutanen da ban sani ba, kuma ni na kai shi.

Litinin, 27 ga Mayu

Na buɗe fayil ɗin da niyyar gogewa. Banza. Akwai kwafi a Lyon tun makon jiya. Ai sun san abin da suke yi.

Alhamis, 30 ga Mayu

Ban faɗa wa Inès ba. In na faɗa, takarda za ta nuna mini. Ga sa hannu, ga kwanan wata, me kuma? Ƙasar nan takarda ce uwa, takarda ce uba. Kuma ita za ta rubuta wa malamina rahoton sitaj, wanda in babu shi ba digiri.



Talata, 4 ga Yuni

Lyon. Awa biyu a jirgin ƙasa, Inès na cin tuffa tana ba ni labarin kakarta, ni ina lissafin yadda zan fara. Da muka shiga zauren na ga har sun buga allon: hannayen Malam Bukari, tsawon mutum, sunansa cikakke a sama. Na ja Inès gefe na faɗa mata.

"Ya ce a'a?"

Na ce bai ce ba.

"Ya rubuto? Ya kira ki?"

Na ce ya je shagon innata ya tambayi ko na san surukinsa. Ni kaina da na ji maganar a Faransanci sai na ji ta kamar shirme. Na yi ta bayani: dattijo ba ya ƙi a gaban baƙo, ba ya janye magana da bakinsa, aike yake yi. Ina jiran ta zaro takardar daga jakarta. Ba ta zaro ba. Tambaya ɗaya ta yi mini.

"Ranar da ya sa hannu, kin sani?"

Na juya na kalli allon. Ta sake tambaya. Na ce na sani.

Murmushin nan duk ya ɓace. Ta ce, "Ni ba na jin yarenku. Don wannan muka ɗauke ki, don ki ga abin da ba na gani. Sati uku, Mardiya!" Ta fita da waya a kunne. Ta gilashi ina hango ta tana kai da kawo, tana jayayya da wani. Ba ta sake ce mini uffan ba sai maganar aiki.

Wataƙila lauya ta kira, ya tabbatar mata takardar ta isa.

Laraba, 5 ga Yuni

Kunya. Ba ta Malam Bukari kaɗai ba.

Alhamis, 13 ga Yuni

An buɗe nunin. Na zagaya zauren sau biyu, na sa kowane abin saurare a kunne. Babu Malam Bukari. A tsakiya sun sa wani tsohon magini ɗan Mali, labarinsa bai kai rabin na Malam ba, kowa ya san haka. Shugaban ƙungiyar ya gaishe ni da ƙyar. An ce da shi Inès ta yi jayayya a waya ranar nan, ta tsaya sai an cire, kuma allon da aka buga ya tafi a banza.

Da aka watse ta kira ni, ta goge fayil ɗin a gabana, na Lyon da na Paris, ta miƙo mini takardar yardar a ambulan. "Ki kai masa." Ko kallona ba ta yi sosai ba.

Duk da haka zan riƙa duba shafinsu na intanet. Wa ya san ko akwai kwafi na uku.

Asabar, 22 ga Yuni

Montreuil, ba na'ura. Na yi masa barka da Sallah, muka yi gaisuwa mai tsawo. Na ajiye ambulan ɗin kusa da butarsa na ce, "Baba, takardarka ce, an ce ba a buƙata." Bai buɗe ba, bai tambaya ba. Ya shiga ba ni labarin yadda kakana ya taɓa faɗowa daga jaki a kasuwar Dole.

Da zan tafi ya janyo wani ƙulli daga ƙarƙashin gado. Goro ne fari, manya, guda bakwai, a jiƙaƙƙen tsumma.

"Ki kai wa yarinyar nan, shugabarki."

Ni bai ba ni komai ba. Daidai ne.

Litinin, 24 ga Yuni

Na kai wa Inès goron. Ta tambayi yadda ake ci, na ɓare mata ɗaya. Ta gatsa, fuskarta ta yamutse don ɗaci, amma ta daure ta haɗiye. Ta ce akwai tsofaffi biyu da za mu naɗa a unguwar Goutte d'Or ranar Alhamis, yaya nake ganin za a yi da takardar wannan karon? Na ce kada a kawo ta ranar hira. A bari sai bayan sati, in koma ni kaɗai, in kuma tambayi wanda suke aike ta hannunsa. Ta rubuta.

Yau ban duba shafin ba. Aiki ne ya yi yawa.