A Sake Aiko Mana Malam Auwalu, Amma da Aljihunsa

Zuwa ga Mai Girma Manajan Darakta,
Kamfaninmu na Iri da Takin Zamani,
Babban Ofis, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina miƙa gaisuwa mai yawa gare ka da iyalinka da dukkan abokan aikinmu na can, da fatan wasiƙar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ni ne Mu'azu, jami'in tallace-tallace, wanda ka sa hannu aka mayar da shi daga Kano zuwa reshen Zariya a farkon daminar da ta wuce.

Na samu gida! Da wannan zan fara, domin tun da abin ya faru babu wanda na haɗu da shi ban ba shi labari ba, har mai shayin bakin layinmu ya fara juya kai in ya hango ni. Na samu gida a Tudun Wada, kuma ba ko'ina ba sai wanda katanga ɗaya ce ta raba shi da gidan da aka haife ni, inda mahaifiyata take zaune har yau. Sai dai ban shiga ba tukuna, kuma shigata tana hannunka. Na rubuta ta hanyar ofis an yi shiru, na sake rubutawa an sake yin shiru. Tun da kuwa maganar ta shafi duk ma'aikatan reshenmu, shi ya sa na kawo ta fili.

Ka san na daɗe ina roƙon wannan canji. Inna ta tsufa, gwiwa ta hana ta sakat, 'yan'uwana mata duk aure ya kai su nesa. Ranar da takardar canji ta iso hannuna, a tsakiyar ofis na yi sujadar godiya, masu dariya suka yi abinsu. Amma da albashin farko ya shigo, sai na ga an zaftare kashi ɗaya cikin uku na kuɗin hayar gida da kamfani yake ba mu. Na tambaya, aka ce sabon tsari ne: Kano tana sahun farko, Zariya tana ƙasa da ita, domin rahoton Malam Auwalu na sashen ma'aikata ya nuna rayuwa a nan arha ce. Sakamakon haka maiɗakina Saude da yaranmu uku suna can Kano a raɓe gidan yayanta tun da hayarmu ta ƙare. Ni kuma da furfurata na koma shagon ƙofar gida, inda na yi kwanan samartaka.

Ga abubuwan da nake so ka duba.

Na ɗaya, yadda aka yi rahoton. Malam Auwalu abokina ne, mutumin kirki ne, kuma wallahi bai rubuta ƙarya ba. Abin da ya gani ya rubuta. Matsalar ita ce abin da aka nuna masa. Da na dawo, abokan aiki suka ba ni labarin zuwansa tun daga fari, suna faɗa suna alfahari. Yana sauka daga mota a Kwangila ya tarar da motar manajan reshe tana jiransa. A Hanwa ya kwana, a ɗakin baƙi na manajan, fanka tana kaɗa shi da wutar sola. Ma'aikata suka raba abincinsa a tsakaninsu, wannan ya ɗauki karin kumallo, wancan na rana, har an yi ɗan saɓani a kan wanda zai kawo na dare. In ya sa hannu aljihu zai biya ɗan acaɓa, sai ya ji an riga an biya. Ya tsaya wurin mai tsire, wani ya ƙyafta wa mai tsiren ido daga baya, aka ce masa kyauta ce ta baƙunta. Mutumin da aka aiko ya auna tsadar gari, bai kashe ko sisi a cikinsa ba.

Lokacin ina Kano, na ba shi saƙon gaisuwa ga Inna. Da ta ji abokin ɗanta zai zo, ta sa aka yanka zakaran da take ji da shi, ta kira 'yan garuwa suka cika mata duk randa da bokitin da ke gidan. Ya tambaye ta batun ruwa, ta nuna masa randunan a cike. Ya tambaye ta yadda rayuwa take, ta yi hamdala ta ce ba su rasa komai ba. Ya koma Kano da buhun masara da damin rake a bayan mota, ya zauna ya rubuta cewa Zariya aljannar ma'aikaci ce.

Ranka ya daɗe, a nan ba a nuna wa baƙo babu. Balle kuma baƙon Bakano. Ka fi ni sanin wasan da ke tsakaninmu da ku. Bazazzagi ya gwammace ya wuni da yunwa yana sakace haƙori da ya buɗe baki ya gaya wa Bakano cewa gari ya yi masa zafi, don ya san har jikokinsa sai an yi musu gori. Mun yi nasara a kan Malam Auwalu, mun burge shi iyakar burgewa, ga shi yau muna biyan kuɗin nasarar duk wata.

Na biyu, lokacin da ya zo. Cikin dogon hutun makarantu ya zo, ɗalibai duk sun watse. Kowane layi ya bi sai ya ga allon ɗakin haya a rataye, ya ga ɗakuna a buɗe ba kowa, dillalai suna binsa suna rage farashi. Wanda bai zauna a Zariya ba ba zai gane ba. Garin nan garin karatu ne, kuma hayar gida da makaranta take tafiya. In an buɗe, ko kejin kaji ka share ka sa masa ƙofa za ka samu mai kamawa. Mai gida ya gano cewa in ya yanka gidansa ɗaki-ɗaki ya zuba ɗalibai, kowa ya biya nasa, abin da zai samu ya fi abin da magidanci ɗaya zai iya bayarwa nesa ba kusa ba. Don haka gidan iyali sai ƙara ƙaranci yake yi.

Na sha yawo kafin in gane haka. A Tudun Jukun aka kai ni wani gida da aka ce ɗaki uku ne. Da muka shiga sai na ga falo ne aka raba biyu da katako, na ukun kuma kicin ne, baƙin hayaƙi yana nan a jikin bango. A Hanwa na ga mai kyau, da aka faɗi kuɗinsa sai na yi wa dillalin godiya na nemi hanyar fita. A Kwangila kuwa gidan da na samu, in tirela ta wuce sai taga ta amsa. Kowane dillali sai ka ba shi na mai kafin ya nuna maka ƙofa, la'adarsa kuma tana nan tana jira. A Ɗorayi, can Kano, ɗaki biyu da falo nake ciki, ga rijiyar burtsatse a gidan, ina biyan naira dubu ɗari huɗu da hamsin a shekara. Irinsa a nan ban samu ƙasa da dubu ɗari biyar ba, kuma yawanci babu ruwa.

Na uku, kasuwa. Ba zan zalunci garinmu ba. Abin da ya fito daga gona ya fi sauƙi a nan: masara, tumatir, attaruhu, rake, ganyen miya. In pate mutum zai sha safe da yamma, to lalle ya dawo Zariya, mu ma muna maraba. Amma gida ba ya tafiya da pate kaɗai. Duk abin da yake zuwa cikin kwali ko leda ko jarka, 'yan kasuwarmu daga Kano suke saro mafi yawansa. Sabulu, taliya, madara, atamfa, takalman yara, duk sai sun hau mota sun zo, kuma kuɗin motar a kanmu yake sauka. Ba sai na je nesa neman shaida ba. Takinmu da kansa, kowane buhun da muke sayarwa a reshen Zariya kamfani yana ɗora masa kuɗin dako daga Kano, ni nake yi wa manoma bayanin hakan kullum. Ashe kamfani ya san hanya tana cin kuɗi in taki ne ya hau mota, sai a kan sabulun wankinmu ne ya manta. Ruwan da Malam Auwalu ya gani a randunan Inna ma saye aka yi, kuma haka ake saye a layinmu kusan kullum, tun da ba kowane gida ke da rijiya ba.

Na huɗu, gidan da na samu, wanda shi ne ya hana ni zama wuri ɗaya. Na Baba Yohanna ne, tsohon hedimasta, maƙwabcinmu tun kafin a haife ni. Marigayiya matarsa, Mama Rifkatu, ita ta karɓi haihuwata. Yanzu tsufa ya kama shi, zai koma wurin 'yarsa a Kaduna. 'Ya'yansa suka yi shawara a yanka gidan ɗakuna a zuba ɗalibai, kuma ban ga laifinsu ba, abin da kowa yake yi ke nan. Har sun sayi bulo an jibge a ƙofar gida, sun yi magana da Malam Iro magini.

Wata Lahadi bayan ya dawo daga coci, Baba ya aiko a kira ni. Ya zagaya da ni gidan kamar ban taɓa shiga ba, alhali a tsakar gidan nan na koyi tafiya. Ga ɗakuna biyu da falo, ga bishiyar gwaibar da muka sha bulala a kanta, ga rijiyar da ko a tsakiyar bazara ba ta ƙafewa. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Mu'azu, ni ba ɗakuna nake so in bar wa layin nan ba. Maƙwabta nake so in bari." Ya yanke mini dubu ɗari biyar, alhali ni da shi mun san ɗalibai za su kawo fiye da haka sosai. Ya shawo kan 'ya'yansa suka yarda, bisa sharaɗin in biya kafin a buɗe makarantu. In ban biya ba, Malam Iro ya fara aiki.

Ranka ya daɗe, da ka ga Inna ranar. Matar da sai an kama ta take miƙewa, ta dogara sanda ta zagaya har gidan Baba Yohanna da ƙafarta. Bayan godiya ta roƙe shi abu ɗaya, wai ya yarda a fasa 'yar ƙofa a jikin katangar da ke tsakaninmu, don jikokinta su riƙa shigowa ba sai sun bi ta titi ba. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya nuna mata wurin da ita da Mama Rifkatu suke miƙa wa juna garwashi da gishiri ta saman katanga, ya ce a nan za a fasa. Na ɗauki hoton gidan a waya na tura wa Saude, kafin la'asar ta zaɓi launin labule. Autarmu Ummi kullum sai ta karɓi waya ta tambaye ni ko gwaibar ta nuna. Ni kaina nakan tsaya a bakin shago in kalli gidan in yi ta murmushi ni kaɗai, masu wucewa suna yi mini kallon wanda ya zautu.

Na haɗa abin da na tara da kuɗin hayar da aka zaftare, bai kai ba. Da wanda nake karɓa a Kano ne, da ya kai har da na fenti. Ba rance nake nema ba, ba kuma kyauta ba.

Don haka ga roƙona. Da farko, a mayar wa ma'aikatan reshen Zariya kuɗin hayarsu daidai da na Kano, kuma a yi hakan kafin makarantu su buɗe. Sannan, in kamfani yana son ya tabbatar, a sake aiko mana Malam Auwalu lokacin da ɗalibai suke gari. A ba shi kuɗin hayar da ake ba mu a aljihu, ya sauka a Kwangila ya nemi abin hawa da kansa, ya sayi abincinsa da ruwan wankansa, ya bi dillalai ya nemo gidan da zai sa iyalinsa. Mu ma'aikata mun yi taro mun ɗaure zuciya, mun yi alkawarin ba wanda zai ba shi ko ruwan leda, duk da manajanmu ya ce bai san da wane ido zai kalle shi ba. Inna ce kaɗai ta ƙi. Ta ce in dai ya tako ƙofarta sai ya ci kaza, kamfani ya yi abin da zai yi. Saboda haka a ja masa kunne kada ya biyo ta layinmu. A ƙarshe, a duba sauran rassan da aka yi wa irin wannan awo, domin ba mu kaɗai muka iya karɓar baƙo ba.

Jiya da safe na haɗu da Malam Iro a ƙofar gidan, yana zaune a kan bulon. Ya ce shi duk ɗaya ne a wurinsa, kayan aikinsa a shirye suke, a dai gaya masa wanne zai yi, fasa ƙofar ko yanka ɗakunan. Na ce masa ya ɗan ƙara haƙuri, amsar tana Kano. Inna kuwa ba ta jira amsar ba. Ta sa an kwashe itacen girkinta daga gindin katangar, an share wurin tas, ta kai tabarmarta can, a nan take wuni yanzu.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi wa zuriyarka albarka, ya buɗa wa kamfaninmu kasuwa. Allah ya sa in ka tsufa, ƙofa ɗaya ce tsakaninka da jikokinka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Mu'azu,
Shagon ƙofar gidan Inna, Tudun Wada, Zariya.