Shafi ɗaya maigidana ya ƙi kai ƙararsa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na roƙi mai kula da zaure ya ɓoye sunana, don mu Hausawan Madina in ka yi tari a unguwar Ƙurban sai an ji a unguwar Sultana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku hanzarta.

Ni 'yar Kano ce, aure ya kawo ni. Maigidana haifaffen nan ne, ɗan ƙasa, Hausarsa ma rabinta Larabci ce, kuma iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, a ƙarƙashinsa take. Ba ya duka ba ya zagi, jam'i ba ya wuce shi a Masallacin Ƙuba. Da ya jawo intanet gida har murna na yi, na ce zan riƙa jin labarin 'yan uwa.

Ga wanda bai san nan ba, intanet ɗin ƙasar nan ta matata yake biyowa, in ka nufi shafin banza sai allo ya ce an toshe. In kuma ka ci karo da wanda ya zille, akwai inda za ka tura adireshinsa a rufe shi. To wannan aiki maigidana ya ɗora wa kansa, wai fi sabilillahi. Ya ce shafukan batsa na fili matatar tana kama su, amma akwai wasu Turawa masu zaman tsirara, suna ƙwallo a bakin teku suna gasa nama haka ba ko ƙyalle, ba sa rubuta kalmar banza, sai zancen hutu da lafiyar jiki da hasken rana, shi ya sa suke wucewa. Su yake farauta. Yana dawowa bayan la'asar sai ya rufe ƙofar falo, abinci ya huce a tire, abokansa na masallaci kuwa sai sa masa albarka suke. Na taɓa tambayarsa ko dole sai ya duba kowane hoto kafin ya tura, ya ce ai ba a shaida a kan abin da ido bai gani ba. Ni dai raina bai kwanta ba.

Akwai shafi ɗaya da na hango ranar da na shiga ɗaukar tire, mai farar lema a samansa. Watanni suka wuce na sake hango shi a buɗe, alhali sauran da ya tura ba sa daɗewa ake rufe su. Na yi masa magana, ya ce hujja yake tarawa, na ce wace hujja kuma, ga mutane nan tuɓur a gabanka. Ranar ya fara ɗaga min murya, ya ce ƙauyanci ke damuna. Tun daga nan maganarsa ta canza, da yana ce musu fasiƙai, yanzu masakin ne, wai bayin Allah abin tausayi, ba sa cutar kowa, wai kunya a zuciya take ba a yadi ba. Ni ban taɓa ƙin mijina ba, halalinsa ce ni. Amma kallon da yake min yanzu tsoro yake ba ni, sai ya ja da baya ya karkata kai kamar mai auna labule.

Na je wa yayarsa da maganar a kaikaice. Ta ce, "Ya binti, mijinki jihadi yake yi, ki gode wa Allah ba shisha yake zuwa sha ba. Halas, magana ta ƙare, kar ki ɓata masa suna." Na sha shayina na dawo.

Shekaranjiya ya ce ya karɓi makullin gonar dabinon wani abokinsa a Al-Awali, katanga doguwa, ga wurin ninƙaya, ma'aikatan ba sa nan ranar Alhamis, mu biyu kawai. Wallahi daɗi na ji, don rabon da ya fita da ni har na manta. Sai ya ƙara da cewa kar in wahalar da kaina da haɗa kaya. Jiya na sauka ɗauko burodin da ya manta a mota, na ga sabuwar kyamara irin wadda ake jonawa da kwamfuta, a kwalinta, ƙarƙashin kujera, bai ce min ya saya ba. Yau da ya fita aiki na buɗe shafin nan na lallaɓa da ɗan Turancina na sakandare. Ashe suna da ɗaki na ciki a shafin, ba sa buɗe wa namiji shi sai ya turo hotonsa da na matarsa tsirara, irin yadda su suke zama.

Na san zato zunubi ne, ƙila kyamarar ta ɗaukar hoton dabino ce. In na tura adireshin da kaina aka rufe, zai san ni ce. In na kai ƙara wurin mahaifinsa, wa zai yarda da baƙuwa a kan ɗan da ake yabo, ƙarshenta saki da jirgi, kuma da wane baki zan faɗa wa Babana dalili? In na yi shiru na bi shi, hoton da ya shiga can ba ya dawowa.

Gobe Alhamis. Zan iya cewa kaina ke ciwo, amma ciwon kai ba ya kai mako, kuma makullin yana aljihunsa. 'Yan uwa, me zan yi kafin ya tayar da mota?