Ranar da Aka Yi wa Kano Addu'a

Lahadi da dare, 1986

Yau majami'un Angilikan na duk duniya suka yi wa Kano addu'a, don kowane yanki da ranarsa. Na daɗe ina jiran yau saboda ciwon Inna. Ko ina tsinkar tumatir sai in riƙa hango baƙi a ƙasashen sanyi sun durƙusa dominta, kamar a littattafan soyayya.

Bayan sujada a majami'a na daure na tambayi Malam katikis, mai yi mana wa'azi, ko za su ambaci sunanta.

Dariya ya yi. "Haba Ladi, 'yata! Sunan bishof ma da ƙyar suke faɗa."

Na dawo na tarar Inna ko kunun da na bar mata ba ta taɓa ba. Yanzu sai jiran zagayen addu'ar ya sake kawowa kanmu kuma. Inna ba za ta kai ba, na sani.