Igiyar Awon Cima

Madawa, watan Yuni 1984

Zuwa ga ƙanwata Cima, a Allakaye.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta iske ki lafiya, ke da ɗiyarki Biba da surukarki Inna Kaltuma. Yaya azumi, yaya jiran ruwa? Ko Illa ya ce ga lokacin da zai dawo daga Abijan? Mu nan lafiya lau, sai ɗinkin salla da ya taso mini, matan unguwa kowace na son tata taguwa ta riga ta maƙwabciyarta fita. Maigidana Barmo yana gaishe ki.

Manzo direba ya kawo mini saƙonki ranar kasuwa, atamfar da Illa ya aiko miki da igiyar awonki. Atamfar ta yi kyau, mijinki ya fara iya zaɓe. Amma igiyar nan, Cima, da ido rufe kika ƙulla ta? Ni na koya miki da kaina, tunda ƙafata ba ta barina hawa mota in zo in auna ki: ƙulli na fari faɗin kafaɗa, na biyu zagayen ƙirji, na uku ƙugu. Na sauko da takardar awonki daga ƙusa, wadda na yanka a jikin buhun siminti shekarar da aka kai ki ɗaki, na ɗora igiyar a kai, sai na ga ƙirji da ƙugu sun gaza da kusan tafin hannu. Na yi dariya har Barmo ya leƙo. Ke da tun muna yara kike cinye tuwonki ki sa hannu a nawa, yaushe kika koma haka? Na san halinki, kina awo kina surutu, ko kuwa kin ja ciki ne don Illa ya dawo ya iske budurwa.

Saboda haka na ajiye igiyarki gefe, na yanka bisa takarda, don ita ba ta taɓa ba ni kunya ba. Na yi miki wuya mai faɗi da hannu mai tattara irin wanda matan ma'aikata ke yayi yanzu. Ƙyallen da ya rage na fitar miki da kallabi, na yi wa Biba ƴar jakar zuwa allo. Ki sa ranar idi ki bi ta ƙofar kowa a hankali, in an tambaya ki ce ɗinkin Madawa ne.

Ki gaishe da Inna Kaltuma, ki ce ina yi mata sannu da idanu. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Yayarki,
Furera

Madawa, watan Agusta 1984

Zuwa ga ƙanwata Cima.

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyar jikinki, kuma wannan karon da gaske nake tambaya. Yaya Biba, yaya tsohuwa? Labarin gonakinku ya iso mu, an ce hatsi ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Nan ma haka ne. Allah ya kawo sauƙi.

Manzo ya dawo mini da taguwar, tare da takardar da mushen lakkol, malamin makarantar bokonku, ya rubuta miki. Kin ce ta yi miki yawa, in rage ta kafin layya, kuma kin ce lafiyarki lau. Da farko raina ya ɓaci, don ba a taɓa maido mini da ɗinki ba. Sai na kwance ƙullin na ga kin sako sabuwar igiya. Na ɗauko ta watan azumi na jera su bisa tabarma. Cima, ƙullin kafaɗa yana nan inda yake, daidai da takarda, bai gusa ba ko kaɗan. Na ƙirji da na ƙugu su ne suka ƙara matsowa. In da kuskuren awo ne, da kafaɗar ma ta kauce. Ƙashi ne ba ya ramewa. Na daɗe zaune ina kallon igiyoyin nan, ban taɓa keken ɗinki ba ranar.

Na tsare Manzo da tambaya. Ya ce bai gan ki ba, ta bayan darni kika miƙo mishi saƙon, amma ya ji kina tari, irin wanda ke sa mutum ya dafa bango. Na san ba za ki iya zama gaban mushe, namiji baƙo, ki faɗa mishi abin da ke cikin ƙirjinki ya rubuta ba. Ko ni ce ba zan iya ba. To kin faɗa mini da igiya, kuma na ji.

Na rage taguwar, ga ta nan. Amma takardarki ban sa mata almakashi ba. Ƙa'idar aikin ita ce in mace ta sake jiki a sake yanka takardarta, na yi wa mata da yawa haka bana, don yunwar nan ba ta bar kowa da jikinsa ba. Taki na kasa. Abin da aka yanke ba ya komawa. Naɗe gefunan na yi na kama da allura, ranar da kika murmure sai in zare allurar kawai.

Ki zo Madawa a duba ki gidan likita. Ɗakin da nake ajiye kayan ɗinki na share shi, ya ishe ku ke da Biba. Kuma na san abin da kike yi da rabonki na abinci, ba sai an gaya mini ba. Kina tura wa yarinya da tsohuwa, ki ce kin ci a madafa. Haka innarmu ta yi a waccan yunwar, kin kuwa san inda ta kai ta. Na sako miki garin rogo da ƙuli-ƙuli da ɗan sukari. Naki ne, na rantse miki da Allah in kika rabar ban yafe ba.

Ina jiran ki a motar Manzo ta mako mai zuwa.

Yayarki mai tunaninki,
Furera

Madawa, watan Janairu 1985

Cima ƙanwata,

Gaisuwa da fatan kin ji sauƙi. Ina gaida Biba da Inna Kaltuma. Yaya sanyi? Ki dinga rufe ƙirjinki.

Duk ranar kasuwa sai na ja jiki zuwa ƙofar gida in zauna har motar Manzo ta sauke mutane ta wuce. Maƙwabta sun gaji da tambayata wa nake jira. Amsarki ɗaya ce kullum ta hannun mushe: ba ki iya barin tsohuwa makauniya ita kaɗai, Illa ya bar miki amanarta, sai ya dawo. Ban ce ki ci amana ba. Amma Illa yana da wa a Buza, uwarsu ce su duka, ya zo ya ɗauke ta mana. Ke kunya ta hana ki aika mishi, to ni ba ni da ita, na riga na aika.

Yanzu maganar saƙonki na jiya. Na kwance na ga igiya biyu. Ta farko taki ce, ban ma ɗora ta bisa takarda ba, da ido na gani. Ta biyun ce ta tsinka mini zuciya, don na ɗauka ita ma taki ce, na ce babu babban mutum mai rai da zai shiga nan. Sai da na karanta takardar na gane ta Biba ce. Har na yi hamdala. Sannan na karanta sauran.

Kin aiko da zannuwanki na aure gaba ɗaya, har da shuɗin nan da ba ki bari kowa ya taɓa. Kin ce in yanka su in yi wa Biba riguna, wata daidai ita, wata ta baɗi, wata ta shekarar da ke biye, kowace ta ɗara ƴar'uwarta. Cima, ni za ki yi wa haka? Wace uwa ce ke ɗinka wa ɗiyarta kayan shekarun da ba su zo ba, in tana sa ran ita za ta auna ta? Kin zauna kin gama shirinki ke kaɗai, kin aiko mini in sa zare. Na yi kuka har Barmo ya fita ya bar mini gidan.

Ban yanka ko ɗaya ba, kuma ba zan yanka ba. Suna nan cikin akwati yadda kika naɗe su. Taki taguwar kaɗai na ɗinka, da farin yadi mai laushi wanda ba zai dame ki a kwance ba, na tsaga gabanta na sa maɓalli don kada ki sha wahalar ɗaga hannu. Ba zan ba Manzo ita ba. Ni zan kawo ta. Rabona da fita garin nan tun ina budurwa, amma Manzo ya ce zai ɗauke ni ya sa gaban mota, in ya so duwatsun hanyarku su ƙarasa ƙafar. In kin ƙi biyo ni, sai ki ƙi a gaban idona.

Ki jira ni. Abin da na roƙe ki ke nan duk duniya.

Yayarki,
Furera

Madawa, watan Maris 1985

Zuwa ga Illa, mijin ƙanwata, a Abijan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da mutanenmu da ke can. Na san yayanka na Buza ya riga ya aiko maka da labari. Ina yi maka gaisuwar rashin Cima, kai ma ka yi mini. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya ba mu haƙuri.

Na ga ya kamata ka ji daga bakin wanda ke wurin. Na iske ta da rai. Tana ganina a ƙofar ɗaki ta fara yi mini dariya, wai ashe sai ta kwanta zan san hanyar gidanta. Ba ta iya tashi ba, balle shiga mota. Na sa mata taguwar da na kawo, wadda na yanka daidai igiyarta ta ƙarshe, ita ma sai da ta yi mata yawa. Ta shafa maɓallan ta ce aikina ya yi kyau. Ba ta yi ƙorafin kowa ba. Ta ce in gaya maka ta riƙe Inna iyakar ƙarfinta, ka yafe mata abin da ta gaza. Ranar Alhamis da hantsi ta cika, kanta bisa cinyata. Ni na ɗinka likkafaninta da hannu.

Ban rubuto don in ɗora maka laifi ba. Neman abin da za su ci ya kai ka can, ita kuma ta ɓoye wa kowa. Inna Kaltuma tana Buza wurin yayanka, tana ta kiran sunan Cima in tana son ruwa.

Biba tana wurina. An duba ta gidan likita, sun ce ƙirjinta lafiya. Ta fara cin abinci sosai, tana zama kusa da ni tana tsince ƙyallaye, ba ta cika magana ba tukuna. Roƙona gare ka ke nan, Illa: ka bar mini ita. Ɗiyarka ce, duk ranar da ka zo ƙofa buɗe take, kuma ba za a yi mata komai ba sai da saninka. Allah bai ba ni haihuwa ba, ka sani, amma ba don haka kaɗai nake roƙo ba. Uwarta ta bar mini aiki a kanta. Zannuwan aurenta da na rantse ba zan yanka ba, na fara yankawa, rigar bana ta riga ta shiga jikin yarinyar. Sauran zan bi su shekara-shekara yadda ta ce, sai dai ina son in dinga auna ta da hannuna. Ba na son a sake aiko mini da igiya.

Shuɗin zanen kaɗai na ware, shi sai ta girma. Jiya na sauko da takardar awon Cima na zare allurai, na buɗe inda na naɗe, na bi ta da dutsen guga har ta miƙe, ta koma yadda take shekarar da ka aure ta. Na maida ta bisa ƙusarta. Da nake auna Biba na lura kafaɗun uwarta ne ta ɗauko sak. In Allah ya raya ta, wata rana za ta cika takardar nan, kuma ina son a ce ina kusa.

Ina jiran amsarka ta hannun duk wanda zai taho gida. Barmo yana yi maka gaisuwa. Biba ta ce a gaida babanta.

Yayar matarka,
Furera